Karan Gwaggo Kulu

Tun da aka kawo ku wurin nan ku uku, na lura babu wanda bai ɗaga kai ya dubi baƙin karan da ke soke a rufin rumfa ba. Shekaranjiya ma na ji ɗayanku yana cewa a sauke shi a share saƙar gizo. Ban tanka ba a lokacin, don ba na son yin magana kafin in tsara ta, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan. Shekaru sun ja, ba zan rantse a kan kowace kalma ba. Abin da na tabbata da shi zan ce na tabbata, inda nake shakka kuma zan faɗa.

Kuna ganin aikin nan ba wuya. A je ƙauye, a sami gurgu, a ɗauke shi hoto da waya, a ja tef, a dawo a haɗa masa keke. Ban ga laifinku ba, ni ma haka na zata, wataƙila ma na fi ku, tunda ni da takardar jami'a na zo.

Na kama aiki ba a daɗe da ba mu jiha ba, lokacin Gusau tana cika da sababbin ma'aikata masu neman ɗakin haya. Wata ƙaramar ƙungiya mai taimakon naƙasassu ce ta ɗauke ni. Haka ake cewa a lokacin, yanzu kuna cewa masu buƙata ta musamman, kuma ina jin naku ya fi daɗin ji. Ofishin ɗaki biyu ne, sai wannan rumfar kwano a baya. Aikina in hau babur in zaga Bungudu da Tsafe da ƙauyukansu, in nemo masu buƙatar keken hannu ko sandar hammata ko takalmin ƙarfe, in auno su, in kawo awon rumfa. A rumfa kuwa Baba Ɗanjuma ne.

Baba Ɗanjuma gurgu ne tun yana ƙarami, da hannu yake tafiya, silifas biyu a tafukansa. Shi ke walda, shi ke lanƙwasa bututu, shi ke ɗinka fata. Bai yi boko ba, amma yana karanta lamba. Wata shida na yi ina goya shi a bayan babur muna zagayawa kafin a bar ni in fita ni kaɗai. Kayan aikinmu duka jaka ɗaya ce: tef irin na tela, alli, takardar buhun siminti, ƙaramar wuƙa, fam na cikewa, da biro. Ni biro biyu nake ɗauka, ko ɗaya zai ƙi.

Dokokin Baba ba su da yawa, kuma ba ya faɗin dalili sai ka matsa. Ba a shiga gari a nufi gidan gurgu kai tsaye, sai an gaida mai gari, a gaida sarkin guragu ko na makafi idan akwai. Mutum a zaune ake auna shi. Gaɓa-gaɓa ake yi, daga diddige zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ƙugu, daga hammata zuwa tafin hannu, sai faɗin mazauni. Mai jikin shi ke riƙe bakin tef da hannunsa, kai kuma kana faɗa da ƙarfi: wannan na wurin zama ne, wannan na matakin ƙafa ne. Na taɓa tambayarsa amfanin faɗar. Ya ce, "Don shi san inda za a kai awon." Na ɗauka ladabi ne kawai.

Aikin farko da na ɓata takalmin wani kuturu ne mai tufkar igiya a Tsafe. Ana ɗora ƙafa a takardar siminti a zagaye ta da biro, sannan a yanka tafin takalmi daga tayar mota, a shimfiɗa soso a ciki. Da nake zagayawa na karkata biron ya shiga ƙarƙashin ƙafa, zanen ya fito da ƙanƙanta. Mutumin ya sa takalmi, ya yi ta godiya, ya ce daidai. Bayan mako biyu muka koma, Baba ya cire masa takalmin, sai ga gyambo a gefen ƙafa har da ruwa, shi kuwa bai sani ba. A hanyar dawowa Baba ya ce da ni daga bayan babur, "Ƙafar da ba ta jin zafi ba ta kawo ƙara, Malam. Kai za ka ji mata." Tun daga ranar komai sau biyu nake aunawa, wani lokaci sau uku. Wannan hali ya amfane ni a aiki, kuma ina jin shi ne ya kai ni inda zan gaya muku.

Fam ɗin da masu tallafa mana suka aiko gida-gida ne, kowane gida da abin da za a rubuta. Akwai gida ɗaya na tsawon jiki. Baba bai taɓa ba ni lambar wannan gida ba. In na tambaya sai ya ce, "Bar shi haka. Keke bai tambayar tsawon mutum." Na bari, amma a raina na ɗauka sakaci ne irin na wanda bai san darajar takarda ba. Ana nan sai manajanmu ya ce an rubuto daga sama, ana ƙorafin muna mayar da fam da gidaje a buɗe. Da na fara fita ni kaɗai, na ƙudura ba zan bar gida ko ɗaya ba. Wanda zai iya dogara sanda ya jingina da bango ba matsala, in ja alli a saman kansa in auna bangon. Ban yi tunanin wanda ba ya iya tashi ba sai da na je gidan Garba.

Wani ƙauye ne gaba da Furfuri, ba zan faɗi sunansa ba. Cikin bazara ne, zafi na ta dukan ƙasa. Garba ya faɗo daga itacen ɗorawa shekaru uku kafin nan, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi. Malfa yake saƙawa a gindin bango, kuma ban taɓa ganin mai barkwanci irinsa ba. Matarsa ta rasu. A gidan daga shi sai mahaifiyarsa, Gwaggo Kulu, sai 'yarsa Ramatu, mai kamar shekara shida, wadda shan inna ya taɓa wa ƙafar dama. Tana tafiya, amma sai ta dafe gwiwar da hannu. Na duba gwiwar, na miƙe ta a hankali, saura kamar yatsa biyu ta miƙe sarai. Irin wannan takalmin ƙarfe yana gyara ta idan an yi da wuri. Sai dai fam ɗaya ya rage mini a jaka, ni kuwa a lokacin ba na auna mutum ba fam. Na ce in na kawo keken babanta zan auna ta.

Na auna Garba a zaune yadda aka koya mini, yana riƙe da bakin tef yana tsokana ta. Da na zo gidan tsawon jiki, na ce ya ɗan kwanta a tabarma.

Ya ce, "In kwanta? Allura za ka yi man, Malam?"

Na ce a'a, tsawonsa nake so. Ya kwanta rigingine. Garba dogo ne, tef ɗin tela bai kai ba, kuma ban yarda da a auna rabi a matsa a auna rabi a jikin mutum ba, kuskure na shiga. Sai na waiga na ga dangar kara. Na zaro kara ɗaya miƙaƙƙe, na shimfiɗa shi a gefensa, na daidaita gindin da diddigensa, na sa wuƙa daidai tsakar kansa.

Gwaggo Kulu tana daka a lokacin. Dakan ya tsaya. Akwai mata biyu na maƙwabta da ke leƙowa ta saman danga tun zuwana, na ɗaga kai ban gan su ba.

Garba yana kallon sama ya ce, "Malam, ƙara man taƙi guda. Ban son matsi."

Na ce, "A'a, daidai ake so."

Ya yi ta dariya har da tari. Na yanke karan. Gwaggo Kulu ta ajiye taɓarya ta shige ɗaki, na ji tana salati ƙasa-ƙasa. Na auna karan da tef sau biyu, na rubuta lambar, na jingine shi a bangon ɗakin Garba, na yi sallama. Babu wanda ya raka ni bakin ƙofa.

Za ku ce yaya baligi Musulmi bai san wannan ba. Ni ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a kwatas na tashi, daga nan makarantar kwana. Na sha zuwa jana'iza, amma a sahun baya, ban taɓa shiga inda ake shirya mamaci ba. Ba uzuri nake kawowa ba, yadda abin yake ke nan.

Washegari na miƙa wa Baba fam yana cikin walda. Ya bi lambobin da yatsa har ya zo gidan nan.

"Wagga lamba ta mi ce?"

"Tsawonsa ne, Baba."

"Ya tashi tsaye?"

"A'a, kwantar da shi na yi."

Ya kashe injin. "Da mi ka auna shi?"

"Da kara."

"Ina karan?"

"Na bar shi can, jingine da bango."

Sannan ya gaya mini cewa a ƙauyukan nan mutum ɗaya ake kwantarwa a auna da kara daga diddige zuwa ka, shi ne wanda ya cika, kuma karan masu haƙar kabari ake kai wa. Ya ce, "Hau babur yanzu ka koma, ka karya shi gaban tsohuwar, ka ba ta haƙuri."

Ban koma ba. Lokacin ana wahalar mai, kuma dokar ofis ba a fita da babur sai manaja ya sa hannu, shi kuwa ya yi tafiya. Na ce ai keken ba zai wuce mako biyu ba, in na kai sai in karya karan, in auna yarinyar, a yi tafiya ɗaya. Baba ya juya ga aikinsa. Ya kunna injinsa.

Keken ya yi kyau. Shuɗin fenti, mazauni mai soso, da ɗan akwati a baya don malfuna. Baba ya rubuta alamar Garba da alli a jikin akwatin. Na ɗora shi a akori-kura har bakin ƙauyen, na tura shi da hannu zuwa gidan. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gida da maza zazzaune. Garba ya kwana uku a kabari. Sanƙarau ne, wuya ya sanƙare da safe, kafin wata safiyar an gama. Na durƙusa na yi gaisuwa, keken yana tsaye a bayana. Wani dattijo, ƙanen mahaifin Garba, ya amsa, sannan ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin kasuwa:

"Ba mu sha wahalar awo ba, Malam. Mun iske an riga an yi muna. Ko yatsa bai ƙaru ba, bai ragu ba."

Na tambayi Ramatu, aka ce ba ta nan. Na juya da keken.

Wannan ita ce mummunar shekararmu. Sanƙarau ya zaga ƙauyuka a bazarar nan, kuma cikin waɗanda na auna a watannin akwai waɗanda suka rasu. Waɗanda ban taɓa gani ba ma sun rasu, sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma su ba wanda ya lura da su. Labari ya bi kasuwanni ya riga ni zuwa Tsafe. Aka sa mini suna Mai Kara. Aka ce duk wanda na ja wa tef, kwanansa ya ƙare.

Akwai wani gari a yankin Tsafe da na yi wa mutum huɗu alkawarin sanduna. Na isa da rana tsaka. Na san an ji ƙarar babur, don da na shiga ba kowa a gindin bishiyar da ake zama, sai tabarma da butar da ba a ɗauke ba. A cikin rairayi ga sawun jan jiki, tafin hannu biyu da layin gwiwa, sabo fil, ya ratsa fili ya shiga wani gida ya tsaya a gindin rumbu. Silifas ɗaya na yashe a wurin. Na yi sallama sau uku. Daga cikin rumbun na ji numfashin mutum, irin na wanda ke ƙoƙarin danne tari. Can wani tsoho ya fito daga zaure ya ce, "Garin ga babu gurgu, Malam. Ba mu taɓa yi ba." Na dubi sawun, shi ma ya duba. Na ajiye sandunan a gindin bishiya na tafi. Da na koma bayan wata guda suna nan inda na bar su, gara ta fara ci.

Rumfa ta cika da kayan da ba a zo karɓa ba. Kekuna a jere, takalman ƙarfe a rataye kamar ƙafafun da ba masu su. Keken Garba yana can ƙarshen layi, a kusurwa. Abin da zan faɗa yanzu ban ce komai a kansa ba, faɗa kawai nake yi. Sau da dama in na buɗe rumfa da safe sai in tarar da shi ya bar kusurwa yana bakin ƙofa, gabansa na kallon waje. Na ce gangara ce. Na zuba ruwa a daɓen in gani, ruwan ya gangara, amma ba wajen ƙofa ba. Wataƙila mai gadi ne ke matsar da shi in zai shimfiɗa tabarmar salla, ko da yake na tambaye shi ya ce shi bai taɓa ba. Baba ya sa dutse a tayar. Bayan kwana biyu muka tarar da shi a ƙofa, dutsen yana kusurwa.

Ranar Baba ya ce da ni, "Gwiwar ɗiyar Garba, ka ce saura nawa ta miƙe?"

"Yatsa biyu."

"Wancan lokaci ke nan. Yanzu an ɓoye ta ɗaki don kai, ba ta taka ƙasa. Kafin a yi girbi ta ƙage. In ta ƙage babu ƙarfen da ka miƙe ta." Ya cire silifas ɗin hannunsa ya jefo gabana. "Sai ka kai mata wannan."

Na ce ko shi zai je, tunda shi ba a gudunsa. Ya ce, "Ba ni na aje kara ba."

Sau uku ina komawa ƙauyen. Na bi ta wurin mai gari, na bi ta wurin liman. Liman ya yi wa mutane magana bayan salla, ya ce ajali ba ya jiran kara, kowa ya ce gaskiya ne. Gwaggo Kulu ma an ce ta ce gaskiya ne. Amma yarda daban, miƙo jika daban. Duk zuwan da na yi, Ramatu ba ta nan. Manaja ya ce mu bar yankin sai ƙura ta lafa, kuma a takarda shawararsa daidai ce. Gwiwa ce ba ta san da haka ba.

Zuwa na huɗu ruwa ya sauka, an yi shuka, maza duk suna gona. Na yi sallama a ƙofar gida da hantsi, ban sa ran amsa ba, sai na ji muryar tsohuwar ta ce in shigo. Tana zaune a inda Garba ke saƙa. Na durƙusa na gaishe ta, na fara ba da haƙurin da na tsara tun daga Gusau, na kawo maganar gwiwa da girbi. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Kai, ɗan nan. An taɓa auna ka?"

Na ce, "A'a, Gwaggo."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da tabarma. Na gane ta, akwai ƙunar garwashi a gefe ɗaya. Ta shimfiɗa ta a daidai wurin.

"To kwanta."

Na ajiye jaka, na cire takalmi, na kwanta rigingine. Shekara guda ina wannan aiki ban taɓa ganin gida daga ƙasa ba. Danga ta yi tsawo, rumbu ya yi kamar zai faɗo, shirwa tana zagaye a sama. Na ji ta zaro kara daga danga. Na ji sanyinsa a gefen hannuna. Ta kama diddigena ta daidaita, hannunta busasshe, ba gaggawa, kamar wadda ta saba. Sannan ta zagayo wajen kaina ta tsuguna. Ta buɗe jakata ta ɗauki wuƙata.

Ta ce, "In ƙara maka taƙi?"

Na ce, "Yadda kika gani, Gwaggo."

Ta ce, "Daidai ake so."

Ƙarar yankan a kunnena ta yi. Ban san tsawon lokacin da ta bar ni a kwance ba, ina jin bai kai yadda na zata ba. Da ta ce in tashi, karan yana hannunta a tsaye, ya ɗara ta tsawo.

"Wanga yana wurina," in ji ta. "Ku duka biyu yanzu hannun Allah kuke, da kai da jikata." Ta juya wajen rumbu. "Ramatu! Fito, baƙon ga ya zama ɗan gida."

Yarinyar ta fito da rarrafe. Da na fara ganinta tana tafiya, yanzu rarrafe take. Na zaunar da ita a kujera 'yar tsugunno, na ba ta bakin tef ta riƙe, na riƙa faɗa da ƙarfi har maƙwabta su ji: wannan na ƙarfen gefe ne, wannan na maɗaurin gwiwa ne, wannan na takalmi ne. Gwiwar saura yatsa huɗu ta miƙe. Gidan tsawon jiki na bar shi a buɗe.

Da na kawo awon, Baba ya duba ya ce da sauran dama, amma ba yawa. Bai taɓa sabon ƙarfe ba. Ya jawo keken Garba tsakiyar rumfa, ya sa zarto, ya cire sandunan da ke riƙe da majingina, da su ya yi takalmin. Sauran keken aka rarraba a wasu ayyuka. Tun daga nan ban sake tarar da komai a bakin ƙofa ba, abin da zan iya cewa ke nan.

Ba a rana ɗaya gwiwa ke miƙewa ba, wannan ku riƙe shi. Duk mako nake zuwa, wani lokaci da Baba a baya. A gasa gwiwar da ruwan ɗumi, a shafa man shanu, a miƙe ta kaɗan, a ƙara matse maɗauri rami ɗaya. In ka yi gaggawa ka yaga jijiya, in ka yi sanyi ta koma. Gwaggo Kulu ta koyi yi da kanta, ta fi ni iyawa. Ramatu ta yi kuka, ta cije ni sau ɗaya a hannu. Mutanen gari suna lura da mu biyu, ni da ita, su ga wa zai riga faɗuwa. Damina ta wuce ba wanda ya faɗi. A hankali aka fara fito da waɗanda aka ɓoye, har na Tsafe suka aiko a kawo wasu sanduna.

Ana yankan gero Ramatu ta tsaya da ƙafafunta biyu, ba ta dafa gwiwa ba. Na ce ta jingina da bangon ɗakin babanta, na ja alli a saman kanta, na auna bangon sau biyu, na cike gidan da ya rage a fam ɗinta. A kan sauran fam ɗin kuwa na rubuta wa na sama bayani, shafi uku, cewa wanda ba ya tsayuwa ba za mu kawo tsawonsa ba. Ba su amsa ba, ba su kuma sake ƙorafi ba.

Karan ya zauna wurin Gwaggo Kulu shekara ashirin da wani abu, soke a rufin ɗakin girkinta, hayaƙi ne ya mayar da shi baƙi ya kuma hana gara. Duk lokacin da na bi ta ƙauyen sai ta nuna mini shi da haɓa ta ce, "Yana nan, lafiya lau." Baba Ɗanjuma ya riga ta rasuwa, Allah ya jiƙansa. Bayan Gwaggo ma ta cika, wata safiya ina zaune a nan sai ga Ramatu, da goyo a baya, ta shigo da ƙafarta, ƙarfen yana ƙara kaɗan-kaɗan. Ita ce matar nan mai ɗinki da ke kawo mana maɗaurai ranar Laraba, kun san ta. Karan yana hannunta naɗe da tsohon zane.

Ta ce, "Baba Malam, Gwaggo ta ce a maido maka kayanka. Ta ce kar ka karya, za a neme shi."

Na san abin da Baba Ɗanjuma zai ce in yi da shi. Na yi niyya sau da yawa, har na taɓa ɗora shi a gwiwa. Ban ce akwai wani abu a jikinsa ba, kara ne, kuma ajali yana hannun Allah. Amma amana aka ba ni, kuma ni ban iya ɓata abin da aka auna daidai ba.

Don haka ku bar shi inda yake, saƙar gizon ba ta hana kowa aiki. In kun fita, ku zaunar da mutum, ku ba shi bakin tef, ku faɗa masa inda za a kai awonsa. Ran da kuma aka aiko daga gidana, ɗayanku ya hau benci ya sauke shi a hankali, ya tsufa. Ku kai wa masu haƙa, ku ce na ce su ƙara taƙi guda.